Daga Bakin Tabarma: Adakarki ma asusu ce

Ina gaida ƙungiyoyin Ibohaman da ƙauyukan da ke kewaye, da na Keita da Tamaske da Garhanga, har zuwa Buza da Madawa inda wannan takarda take isa hannunku. Bazara ta zo ƙarshe, da marece hadari ya fara leƙowa ta gabas, maza sun shiga sharar gona. Allah ya ba mu damana mai albarka. Kamar kullum, wadda ta iya karatu ta karanta ma sauran a wurin zubi, a hankali. In an kai inda ake gardama a tsaya a yi ta, sannan a ci gaba.

Yau zancen tufafi zan yi, da yadda muke ajiye su a ɗaka. Na san wata za ta ce, "Shugaba, mi ya haɗa zane da asusu?" To bari mu yi lissafi tare. A ce zubinki dala hamsin ne kowane sati. Shekara sati 52 ce, kenan kin tara jika goma sha uku. A ce kuma kin sayi turmin atamfa guda jika goma. Zubin sati arba'in ne cif kika ninke kika sa a adaka. Yanzu ki tuna turame nawa ne a ciki, da shadda, da leshi, da mayafai, da abin da kike tara ma ɗiyarki na aure. Da yawa cikinmu, dukiyar da ke cikin adaka ta fi rabon da muke ɗauka ranar fasa asusu.

Amma ku dubi bambancin kulawa. Asusun ƙungiya kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku. Kowane sati ana buɗe shi gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, a rubuta. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi cikin 1991 tare da ƙungiyar CARE, wannan doka ce ta riƙe tsarin har ya bazu ƙasashe da yawa: a san abin da ke ciki, a tsayar da ranar dubawa. Ita kuwa adaka tana can lungu bisa ƙasa, ta jingina da bango, an ɗora mata katifa da kwalla. Ba a buɗe ta sai jajiberin Salla ko ranar biki. Ranar ce ake jin salati daga ɗaka: "Wayyo ni, gara ta gama da ni! Zanen da anka kawo min daga Abijan ko sau guda ban ɗaura shi ba." Kowacenmu ta taɓa jin wannan kuka a maƙwabta. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na kawo zancen yanzu, tun ruwa bai sauka ba.

A fara da ƙirga

Ki zaɓi rana guda da babu iska mai ƙura. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki fiddo komai: na adaka, na ƙarƙashin gado, na cikin buhu, na bisa igiya. Ki kakkaɓe kowane ɗaya, ki ɗaga shi ga haske ki duba. Sai ki kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko, na yau da kullum, waɗanda kike daka da ɗiban ruwa da zuwa gona da su. Na biyu, na fita: suna, biki, Salla, gaisuwar mutuwa. Na uku, na ajiya, wato turamen da ba a yanka ba da kayan auren ɗiya. Na huɗu su ne waɗanda suka gama aiki a wurinki, ko sun matse ki, ko sun koɗe, ko kin shekara biyu ba ki taɓa su ba.

Kashin nan na huɗu shi ne yake cika mana ɗaki, kuma shi ne mafakar ƙwari. Kar ki maida shi inda ya fito. Wanda yake da sauran ƙarfi ki kai ma tela ya fidda ma yara riga ko wando. Mai ɗan yagewa a ɗinke shi yau, kafin ɓarakar ta kai taƙi. Wanda ya mutu sarai ya zama tsumma ko shimfiɗar ƙasan adaka. Mai kyau da ba ki bukata kuwa, akwai wadda take bukatarsa cikin danginki ko unguwarku. Ki ba ta a ɓoye, Allah ya san kin bayar.

Sannan ki rubuta. Waɗanda muka yi karatun manya, ga wurin da zai yi mana amfani. Kalmomi kaɗan ne: turmi, zane, riga, kallabi, mayafi. Ki rubuta kowace a bayan littafinki na zubi, ki sa adadi a gabanta. Wadda ba ta kai ga rubutu ba ta ja layi, zane guda layi guda, ko ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata. Mace in ta san tana da zannuwan fita takwas, mai tallar atamfa ba zai ruɗe ta da na tara a bashi ba.

Gara daga ƙasa take zuwa

Gidan gara yana ƙarƙashin ƙasa. Tana bin danshi, ba ta son haske da iska, shi ya sa take gina ƴar hanyar laka ta bi ta ciki ta hau bango. Abincinta duk abin da ya fito daga tsiro ne: itace, kara, takarda, kwali, auduga. Atamfa da shadda kuwa auduga ce. Kenan wadda ta zuba tufafi a kwali ta ajiye bisa ƙasa, ta haɗa ma gara tuwo da miya.

In adaka ta zauna kai tsaye bisa daɓe kuma ta manne da bango, gara za ta shiga aikinta wata da watanni ba ki gani ba. Ki samo duwatsu huɗu masu faɗi, ko bulo, ki ɗora adakar a kansu ta tashi daga ƙasa kamar taƙi guda. Ki janye ta daga bango yadda hannunki da tsintsiya za su wuce ta baya. Dutse ba ya hana gara hawa, amma yana tilasta mata ta gina hanyarta a fili inda idonki zai gan ta. Duk ranar da kika yi shara ki duƙa ki leƙa. In kin ga zaren laka ya fara hawa, ki kankare shi nan take, ki matsar da kayan wani gefen.

Mu mutanen Adar ba za mu ce mun rasa dutse ba. Uwayenmu da yayyenmu su suka ɗauki duwatsun froje Keita a ka tun daga 1984, suka jera su bisa fako da gangaren tuddai har ruwa ya tsaya, itatuwa suka tashi. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne. Dutse huɗu na ƙarƙashin adaka ba zai gagari ɗiyansu ba.

Wadda ba ta da adakar ƙarfe kar ta ce zancen bai shafe ta ba. Kwalla mai marfi tana yi, babban bokitin roba mai marfi yana yi. Buhun shinkafa ma, in an wanke shi ya bushe, a zuba kayan a ɗaure baki a rataye shi sama, ya fi kwali nesa ba kusa ba.

Danshi da asu da ɓera

Abokin gaba na biyu shi ne danshi. Kafin ruwan farko, ki ɗaga kai ki dubi rufin ɗakinki. Inda ya yi yoyo bara, tabon yana nan a jikin azara ko bango. Kar kayanki su kwana a ƙarƙashinsa. Ki matsa ma maigida ko samarin gida su yi yaɓe su gyara indararo yanzu, don in an shiga shuka ba wanda zai saurare ki.

Kar zane ya shiga adaka sai ya bushe ƙarau. Wanda kika ɗaura kika je biki, ko da sa'a biyu ce, ya sha zufa. In ba za ki wanke shi ba, ki shanya shi a inuwa ya sha iska kafin ki ninke. Wasu suna ƙulle turmi cikin leda suna ganin sun tsare shi. Leda tana hana ruwan waje shiga, amma tana hana danshin ciki fita. In ɗan danshi kaɗan ya shiga tare da zanen, cikin watan Agusta za ki tarar da funfuna, ɗigo-ɗigo baƙi, wanda sabuni ba ya cirewa da sauƙi. Tsohon zane mai tsabta shi ya fi dacewa da naɗe sabo.

Cikin damana, duk ranar da gari ya washe bayan ruwa, ki buɗe adaka ta sha iska. Masu launi a shanya su a inuwa, ko a juya cikinsu waje, don ranar ƙasarmu tana cin launi. Farare ne suke son rana.

Asu shi ne ɗan ƙwaron nan siriri mai ruwan azurfa da kike gani yana gudu in kin ɗaga zane. Yana son duhu da danshi, kuma yana cin sitaci. Don haka kayan da za su daɗe a ajiye, a wanke su a ajiye ba sitaci. Sai za a sa su a sa musu sitacin a yi guga. Wannan ya shafi manyan rigunan mazanmu da suke tafiya cin rani Abijan ko Legas ko Libiya su bar mana ajiya wata shida, wani ma shekara biyu. Duk abin da ya sami rigar, ke za a tambaya.

Ɓera da kyankyaso kuwa warin abinci suke bi. Tabon mai ko nono ko fura da ya rage a zane, nan za su fara ci. Kuma ina roƙonmu mu daina ɓoye ƙuli-ƙuli da dabino da sukari cikin adakar tufafi don kar yara su gani. Yara ba su gani ba, amma ɓera ya ji.

Adakar ƙarfe tana tsatsa daga ƙasa, kuma tabon tsatsa ba ya fita da sauƙi. Ki shimfiɗa tsohon zane a ciki kafin ki jera kaya. Ki cire allura da ƴan kunne da duk wani ƙarfe da kika soke a kallabi. Kwalbar humra ko turare ta samu nata gwangwani, don in ta kwanta ta tsiyaye, man ya zauna kenan. Mai turkuɗi ko wani baƙin rini ta naɗe shi shi kaɗai, domin shuninsa yana shafar duk farin da ya taɓa.

Wajen jerawa, na ajiya su zauna ƙasa, na fita su zo sama, yadda ba sai kin birkice komai ba in za ki suna. Turmin da ya daɗe a ninki guda, layin ninkin yakan koɗe ya yi rauni. Sau biyu a shekara, kafin damana da bayan kaka, ki warware shi ki sāke ninki ta wani wurin.

Bedi ya fi kafur

Maganin ƙwari mafi sauƙi yana ƙofar gidanmu. Bedi, wanda wasu ke ce ma dogon yaro, ya cika garuruwanmu. Ƴan uwanmu na Buza sun san layukansa da aka fara dasawa a fadamar Majiya tun 1975 don kare gonaki daga iska. Ki tsinko ganyensa, ki shanya a inuwa har ya bushe yana ƙaras-ƙaras, ki ƙulla a ƴan tsummoki ki sa a kusurwoyin adaka da tsakanin kaya. Ɗanyen ganye kar ya shiga, yana tabo kuma yana kawo danshi. Bayan wata biyu ko uku ki canza. Warinsa yana korar ƙwari, amma bai ɗauke miki dubawa ba.

Yanzu ga inda nake so kowa ta buɗe kunne. Kafur, farar ƙwayar nan da muke saye a kasuwa mu watsa cikin kaya, guba ce. Akwai jarirai da ake haifa da wani irin jini da ba ya jure mata. Irin wannan jini yana da yawa a ƙasashenmu, ya fi yawa ga ƴaƴa maza, kuma ba a gane shi da ido. Tururin kafur yana shiga jikin jariri ta numfashi da ta fata, ya farfasa ƙwayoyin jininsa, sai ido da jiki su yi ruwan ɗorawa, wato shawara. In ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana ma kisa. Mu kuwa al'adarmu ce mai ciki ta tara kayan jariri tun da wuri, ta zuba musu kafur don su yi ƙamshi, ranar haihuwa a fiddo a naɗe yaro.

Kar kafur ya kusanci kayan jariri, ko zanen goyo, ko zannuwan mai jego. In sun riga sun kwana da shi, a wanke su a shanya a rana har warin ya fita sarai. In kin ga idon jariri ya fara ɗorawa cikin kwanakin farko, a kai shi likita a ranar, kar a jira suna. Yara masu rarrafe kuma suna ɗaukar kafur alewa ce. In yaro ya haɗiye, a tafi likita da sauran ƙwayar a hannu. Kar a ɗura masa mai ko nono, don maiƙo yana sa gubar ta fi saurin shiga jini.

Haka piya-piya da maganin feshin gona, da ƙwayar da ake sa ma buhun wake. Ba a yayyafa su a tufafi, ba a ajiye su a ɗakin da mutane suke kwana. Zane jikinki zai taɓa, kuma bakin ɗanki yana kansa in kin goya shi. Turaren wuta ma, mu masu turara kaya, kar a kifa zane bisa kasko a fita tsakar gida. Tartsatsi guda ya isa, ballantana yadin roba da yake kamawa kamar an zuba masa mai.

Kayan yau da kullum da na yara

Waɗannan ba na adaka ba ne. A ɗaura igiya ko a gitta gora a kusurwar ɗaki, sama sosai, a rataye su. Tufafin da aka tara a ƙasa bakin gado ɗakin kunama ne, musamman yanzu da zafi da farkon ruwa. Ki koya ma yara su kakkaɓe riga da takalmi kafin su sa.

Kowane yaro ya samu jakarsa ko buhunsa. Ki ɗinka ma kowane zare mai launi daban a baki, ja na wannan, kore na wancan, ko wanda bai shiga makaranta ba zai gane nasa. Yaro ɗan shekara biyar ya isa ya ninke rigarsa ya maida ita wurinta. A koya ma maza kamar yadda ake koya ma mata, don gobe in sun tafi cin rani ba uwarsu a can. Kayan makaranta su samu ƙusarsu daban. Rabin faɗan safiya a gidajenmu neman riga ne.

Kayan gwanjo, bosho kenan, suna rufa mana asiri ƙwarai. Amma kar su hau jikin yaro, kar kuma su haɗu da sauran kaya, sai an wanke su da sabuni da ruwan zafi an shanya a rana. In ƙazuwa ta shigo gida, maganin likita shi kaɗai ba ya isa in ba a bi ta kan tufafi da shimfiɗa ba. A wanke su da ruwa mai zafi sosai. Waɗanda ba su wankuwa, nan ne leda take da amfani: a ƙulle su ciki kwana uku zuwa sati, ƙwaron ba ya rayuwa in ya rabu da fatar mutum. Kuma duk ƴan gida a yi musu magani lokaci guda.

Takardu da kuɗi

Mafi yawanmu ƙasan adaka ne ofishinmu. Nan takardun haihuwar yara suke, da katin rigakafi, da katin ɗan ƙasa, da takardar gona. Gara ta fi son takarda a kan zane. Ki fidda su, ki sa a leda, ledar ki sa a gwangwani mai marfi, ki rataye sama inda kowa babba a gidan ya sani. Kuɗin takarda da ake cusawa cikin ninkin zane, wurinsu asusu. Can suna juyawa suna kawo riba, nan ɓera ne zai yi sheƙa da su.

Ba mu manta damanar 2024 ba. Ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan guda a Nijar, gidajen ƙasa da yawa suka faɗi, jiharmu ta Tawa ma ba ta tsira ba. Mu da muke zaune gindin tuddai mun san halin korama: ruwa ya sauka can sama, ita ta iso gari cikin dare ba sallama. A irin wannan dare ba mai ɗaukar adaka. Don haka ki yi ƙunshi guda tun yanzu, kaya ɗai-ɗai na kowane ɗan gida, da mayafi, da gidan sauro, ki rataye shi kusa da gwangwanin takardu. In Allah ya tsare, bayan kaka ki kwance abinki.

Anko da aro

Ba zan rufe ba sai na taɓo abin da yake cika adakar tun farko. Ku duba takardar ƙirgarku ku gani, zannuwa nawa ne na anko? Na bikin wance, na sunan wance, na 8 ga Maris, na 13 ga Mayu da muka wuce kwanan nan. Wani sau guda aka ɗaura shi.

Ranar 13 ga Mayu tana da asali mai daraja. A 1991 ne mata suka yi jerin gwano a Yamai suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka kuma ƙara. Wadda ta je taron ranar da zanen bara ba ta rage ma wannan tarihi komai ba.

Ni ba na ƙin anko. Yana da kyau a ga ƴan ƙungiya sun fito iri guda, kuma cikinmu akwai masu saida atamfa da teloli da suke ci daga nan. Abin da nake tsoro shi ne bashin asusu da ake ɗauka don anko. Bashin da kika sayi gyaɗa ko albasa ko ɗan akuya da shi, shi yake biyan kansa. Bashin zane kuwa daga cikin jarinki za ki biya shi, da ribarsa. Ku lura kuma da wannan: turmin da ba a yanka ba, ranar da ciwo ya zo ko hatsi ya ƙare, za ki iya saida shi kusa da kuɗinsa. Da almakashi ya taɓa shi, darajarsa ta faɗi. Ga shawarata, kowace ƙungiya ta tattauna ta a zamanta: anko guda a shekara, a tsayar da shi tun da wuri, mai arha wanda kowa za ta iya. Wadda ba ta samu yi ba ta zo da abin da take da shi, kuma kar a ji wata ta yi mata habaici.

Zancen aro kuma, Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Duk da haka muna ara muna bayarwa, zaman tare ne. In kin ba da aro, ki sa alama a takardarki. In ke kika ara, ki maida shi wankakke cikin kwana biyu ko uku, kar sai mai shi ta aiko yaro. Zumunci da yawa ya lalace a kan mayafi guda.

Akwai kuma ranar da ba ma son tunawa. In mace ta rasu, tufafinta suna cikin gado. In cikin adakar akwai ajiyar wani, lefen ɗiya, ko turmin da ƙanwa ta ba ki riƙo, ko kayan sayarwa da kika ɗauko bashi, wa zai sani in ba a rubuce ba? Nan ake fara zargin kishiya ko matar ɗa. Ki ware ajiyar mutane a ƙunshi daban, ki rubuta sunan mai ita, ki shaida ma mutum guda da kika yarda da shi. Amana ce, kuma ba ta cin kuɗi.

Aikin wannan wata

Kafin zubi biyu masu zuwa, kowace ta fidda kayanta ta ƙirga, ta ɗora adaka bisa dutse, ta raba kafur da kayan jariri, ta rataye takardu. Ku yi biyu-biyu, yau gidanki gobe gidanta, don adaka ba ta ɗaguwa ga mutum guda. Ku fara da tsofaffinmu da masu ciki da waɗanda mazansu ba su dawo ba. Ba sai kin faɗa ma taro yawan zannuwanki ba, wannan sirrinki ne. Abin da shugabanni za su tambaya kawai shi ne, an duba ko ba a duba ba, kuma an tarar da gara ko babu. Ƙungiyar da ta yanke wata shawara a kan anko ta aiko mana da ita ta hannun sakatariyarta, za mu buga don wasu su gani.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen bashin damana: wanda ya kamata a ɗauka lokacin shuka, da wanda ya kamata a jira sai kaka.

Allah ya tsare mana gidajenmu, ya sa albarka cikin abin da muka tara. Ku gaida yara.

Taku,
Shugabar ƙungiya, Ibohaman